Ku Tambayi Lauya: Kotun Shige da Fice ta Amurka, da Yadda Abin Yake a Nan Gida

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata kan shari'ar korar baƙi, musamman daga iyayen da 'ya'yansu ke Amurka. Mun zaɓi biyar daga Katsina da ƙasar Daura. Dokokin nan suna yawan sauyawa, don haka duk wanda shari'a ke kansa ya bi ranar da ke rubuce a takardarsa da abin da lauyansa ya gaya masa.

Tambaya: Ɗana ya tafi karatu Amurka, kuɗin makaranta ya gagara ya daina zuwa aji. Yanzu an aiko masa takarda wai ya bayyana gaban alƙali. Ɗaure shi za a yi? Me za mu iya yi daga nan? (Wata uwa daga Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Wannan ba shari'ar aikata laifi ba ce, kuma alƙalin ba ya yanke hukuncin ɗauri. Abu biyu zai duba: shin doka ta yarda a fitar da ɗanki daga ƙasar, in ta yarda kuma, akwai wata ƙofa da za ta ba shi damar zama? Sai dai hukumar ICE, mai kama baƙi da fitar da su daga Amurka, tana da ikon tsare mutum yayin da shari'ar ke gudana, kuma idan an ba da beli ba ya yin ƙasa da dala 1,500.

Takardar da ya samu sammaci ce, fom mai lamba I-862. A cikinta an jera abin da gwamnati ke iƙirari: shi ba ɗan Amurka ba ne, ɗan Najeriya ne, ya shiga rana kaza da biza kaza, ya saɓa sharaɗi kaza. A samanta akwai lambarsa, harafin A da lambobi tara. Ya haddace ta, ke ma ki rubuta ki adana, domin da ita ake duba ranar zama a shafin intanet na hukumar kotunan, kuma da ita ake neman mutum in an tsare shi.

Zaman farko na taro ne. Mutane da yawa ake kira a lokaci guda, kowa minti kaɗan. Alƙali zai tambaye shi yaren da ya fi ji, ko yana da lauya, ko ya amsa abin da aka rubuta a sammacin, da irin sassaucin da yake nema. A nan mutane da yawa ke ɓata shari'arsu saboda kunya da gaggawa, su ce e ga komai don a sallame su. Wanda ya shiga ƙasar da biza ta halak, gwamnati ce ke da nauyin kawo hujja bayyananniya cewa ya cancanci kora, amma da zarar ya amsa da bakinsa ya sauke mata nauyin. Yana da damar roƙon a ɗaga zaman don ya nemi lauya, kuma yawanci ana bayarwa a karon farko. Zama na biyu nasa ne shi kaɗai, na sa'o'i, da shaidu da takardu, ga kuma lauyan gwamnati yana yi masa tambayoyin ƙure.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne adireshi. Ɗalibin da ya bar makaranta yakan koma ɗakin aboki, daga can ya sake wuri. Doka ta ce ya sanar da kotu cikin kwana 5 da fom EOIR-33, kuma sanar da gidan waya ko hukumar USCIS mai kula da takardun zaman baƙi bai wadatar ba, sai kotun kanta. Idan aka aika sabuwar ranar zama tsohon gida bai zo ba, alƙali zai yanke hukuncin kora a bayan idonsa. Warware wannan hukunci sai da ƙwaƙƙwaran uzuri, kamar rashin lafiya mai tsanani, kuma cikin kwana 180, sai fa in ya tabbatar sanarwa ba ta taɓa isa gare shi ba bisa ƙa'ida. Cunkoson hanya ko mantuwa ba uzuri ba ne.

Ƙofofin zama kuwa ƙunci gare su. Akwai soke kora, amma sai wanda ya shekara 10 cur a ƙasar kafin sammaci, ba shi da tabon laifi, kuma yana da mata, ɗa ko mahaifi ɗan ƙasa ko mai girin kad (katin izinin zama na dindindin) da korarsa za ta jefa cikin wahalar da ta wuce ta yau da kullum nesa ba kusa ba. Mutum 4,000 kacal ake ba a shekara. Akwai aure da 'yar ƙasa, sai dai auren da aka ɗaura bayan an fara shari'a ana masa kallon zargi, kuma idan aka gano na kwangila ne an rufe masa wannan hanya har abada. Akwai neman mafaka da fom I-589, wanda asali ake shigarwa cikin shekara ɗaya da shiga ƙasar, ko da yake wanda bizarsa ke da rai yana da ɗan rangwame idan ya nema ba da jimawa ba bayan ta mutu.

A nan za mu faɗa miki gaskiya, Hajiya, domin za a samu masu zuga shi. Matsalar 'yan bindiga da satar mutane a yankin Batsari ko Jibiya gaskiya ce, amma ita kaɗai ba ta cika sharaɗin mafaka. Doka tana son a nuna an nufi shi kansa saboda ɗaya cikin dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na musamman. Wanda ake sacewa don kuɗin fansa, alƙalai kan ɗauke shi a matsayin wanda ta'asar ɓarayi ta rutsa da shi. Lauyan gwamnati zai kuma tambaya: me zai hana ya koma Abuja ko Legas ya zauna lafiya? Wanda kuma aka tabbatar ya ƙirƙiri labari da gangan, an haramta masa duk wata alfarmar shige da fice har ƙarshen rayuwarsa.

Idan babu ƙofa, gara ya roƙi izinin fita da ƙafarsa. Ana ba da har kwana 120 in ya roƙa tun farkon shari'a, ko kwana 60 in sai a ƙarshe. Shi zai sayi tikitinsa, amma ba zai ɗauki hukuncin kora ba, wanda yawanci ke hana komawa na shekara 10. Idan ya karɓi izinin ya ƙi fita a kan lokaci, izinin ya rikiɗe ya zama hukuncin kora, ga tara a kai.

Naku aikin daga gida takardu ne. Ku haɗa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardun makaranta, da na aure in akwai. Ku duba rubutun suna da ranar haihuwa su dace da na fasfo, domin takarda uku da rubutun suna iri uku tana sa a yi shakkar mutum gaba ɗaya. Duk abin da ke da Hausa, Larabci ko ajami sai an fassara shi zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya yarukan biyu kuma bai rage komai ba. Kotu tana ba da tafinta kyauta. In an kawo wanda Hausarsa ta cakuɗe da Faransanci har ba sa fahimtar juna, ya faɗa nan take a gaban alƙali don ya shiga rikodin, ba bayan an tashi ba. Kuɗin lauya kuwa kada ya bi ta hannun dillali. Lauyan da aka rantsar a Najeriya kaɗai ba zai tsaya masa a can ba, sai mai lasisin wata jiha ta Amurka ko wakilin ƙungiyar agaji da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi.

Tambaya: Na ji an ce alƙalan wannan kotu ma'aikatan gwamnati ne kamar sauran, har minista na iya soke hukuncinsu. Ta yaya aka yi haka a ƙasar da ke alfahari da raba iko? (Malamin tarihi daga Daura)

Amsa: Malam, yadda ka ji haka yake, kuma amsar tana cikin fanninka. Ba a taɓa zama an tsara wannan kotu ba, daga ofishin duba baƙi ta tsiro. A 1891 gwamnatin tarayya ta karɓi ragamar shige da fice ta sa ta ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi. A 1893 aka kafa kwamitocin sufetoci masu zama a tashoshin jirgin ruwa irin tsibirin Ellis su yanke wa zai shiga, wa za a mayar. A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar wani ɗan Sin mai suna Fong Yue Ting, ta ce korar baƙo ba horo ba ne, iko ne na ƙasa. Daga wannan hukunci sauran abubuwa suka biyo: tunda ba horo ba ne, gwamnati ba ta ɗaukar wa talaka lauya kamar yadda take yi wa wanda ake tuhuma da sata, ko da yaro ne ƙarami.

An kafa hukumar shige da fice ta INS a 1933 ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago. A 1940, yaƙin duniya na biyu na ci, ana tsoron 'yan leƙen asiri, Shugaba Roosevelt ya mayar da ita Ma'aikatar Shari'a, aka kuma kafa hukumar ɗaukaka ƙara ta BIA. A wancan zamani jami'i ɗaya kan binciki mutum, ya gabatar da ƙara, ya kuma yanke hukunci. Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da haka a 1950, amma majalisa ta yi maza ta cire shari'ar kora daga dokar da kotun ta dogara da ita. Dokar 1952 ta tanadi jami'an bincike na musamman, a 1973 aka ba su laƙabin alƙalai da izinin sa rigar shari'a, a 1983 aka raba su da INS aka kafa musu hukumar EOIR mai kula da kotunan shige da fice. Dokar 1996 ce ta kawo wa'adin shekara ɗaya na mafaka da korar gaggawa a bakin iyaka ba tare da ganin alƙali ba. Bayan harin 11 ga Satumba aka rushe INS a 2003, masu kama mutane da masu gabatar da ƙara suka koma sabuwar Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, alƙalai suka tsaya inda suke.

Har gobe Antoni Janar, wato ministan shari'a, ne ke naɗa su, kuma yana iya janyo kowace shari'a daga BIA ya rubuta hukuncin da zai ɗaure alƙalan ƙasar baki ɗaya. A 2018 Antoni Janar Jeff Sessions ya yi amfani da wannan iko ya ƙuntata mafaka ga matan da suka gudo daga dukan miji, a 2021 wani Antoni Janar, Merrick Garland, ya soke. Mata biyu masu labari iri ɗaya, bambancinsu kawai shekarar da aka kira shari'arsu. Alƙali mai cin gashin kansa na farko da mutum zai gani shi ne na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, bayan ya faɗi a kotun farko da BIA, kuma kwana 30 yake da su ya kai ƙara can.

Tambaya: Sau biyu ana hana ni bizar kasuwanci a ofishin jakadancin Amurka a Abuja ba tare da an duba takarduna ba. Zan iya kai su wannan kotu? (Ɗan kasuwa daga Babbar Kasuwar Katsina)

Amsa: A'a, Alhaji. Kotun tana sauraron wanda ke cikin Amurka ko ya iso bakin iyakarta ne. Hukuncin jami'in biza a ofishin jakadanci kusan babu kotun da ke taɓa shi. Yawancin hanawa a ƙarƙashin sashe na 214(b) na dokar shige da fice ta Amurka ake yi, wanda ya ɗauka duk mai neman bizar ziyara zama zai yi har sai ya gamsar da jami'i cewa zai dawo. Babu ɗaukaka ƙara, kuɗin fom ba ya dawowa. Kana iya sake nema, amma in ba abin da ya sauya a kasuwancinka ko tarihin tafiye-tafiyenka, asarar kuɗi ce. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya ɗaukaka maka ƙara, damfara ce.

Tambaya: Mu a nan rabin danginmu suna Nijar. Idan jami'an shige da fice suka kama mutum a Kongolam suka ce baƙo ne, wace kotu za a je? Muna da irin ta Amurka? (Wani magidanci daga Mai'aduwa)

Amsa: Ba mu da kotu ta musamman, Malam. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya ikon shari'ar zama ɗan ƙasa, korar baƙi, fasfo da biza, kuma tana da reshe a Katsina. Kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba ta da hurumin yanke ko mutum ɗan Najeriya ne. Dokar shige da fice ta 2015 ta bar umarnin kora a hannun Ministan Cikin Gida, don haka a aikace sau da yawa an riga an tsallakar da mutum kafin wani alƙali ya ji labari. Shi ya sa sauri ke da muhimmanci. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare bisa zargin laifi a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Lauya na iya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam ya nemi a dakatar da korar.

Mutanen iyaka su lura da sashe na 25. Wanda aka haifa a wajen Najeriya, in mahaifinsa ko mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Yaron da aka haifa a Damagaram uwarsa 'yar Daura, ɗan Najeriya ne, kuma sashe na 41 ya hana korar ɗan ƙasa ko hana shi shigowa. Matsalar hujja ce: takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma ta uwar, katin ɗan ƙasa, da shaidar dagaci ko mai unguwa. Masu shekaru za su tuna Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno ɗan jam'iyyar GNPP, wanda gwamnatin Shagari ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi a 1980 bisa cewa baƙo ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ta soke korar, ta sa a biya shi diyya.

Wanda kuwa ɗan Nijar ne zalla, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da zaman kwana 90 ba biza, amma da takardar tafiya mai rai. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata a Janairun 2025, sai dai ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katinan mutanenta har sai an fitar da sabon tsari.

Tambaya: Ina rubuta kundin kammala digiri kan gyaran kotunan shige da fice. Wane gyara ake magana a kai a Amurka, kuma wanne kuke ganin zai yi aiki? (Ɗalibar lauya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua)

Amsa: Malama, fara da girman matsalar. Shari'un da ke jiran hukunci sun haura miliyan ɗaya a 2019, suka haura miliyan 3 a ƙarshen 2023, alƙalai kuma wajen 700 ne a lokacin da suka fi yawa. Ki raba da kanki. Jiran shekaru yana cutar da mai gaskiya, shaidunsa su watse, iyalinsa su yi ta zama cikin haɗari a gida, yana kuma amfanar wanda ya san ba shi da hujja.

Shawarar da ta fi shahara ita ce a ciro kotun daga Ma'aikatar Shari'a, majalisa ta kafa ta a matsayin kotu mai zaman kanta kamar yadda ta yi wa Kotun Haraji a 1969, alƙalai su samu wa'adi tsayayye, ba a cire su sai da dalili. Ƙungiyar lauyoyin Amurka da ƙungiyar alƙalan kansu suna goyon baya, kuma 'yar majalisa Zoe Lofgren ta gabatar da ƙudiri a 2022, bai zama doka ba. Hujjarsu tana da ƙarfi. A 2018 an ɗora wa kowane alƙali kammala shari'a 700 a shekara kafin a ce aikinsa ya gamsar, aka janye a 2021. A 2025 an sallami alƙalai da dama. Wanda abincinsa ke hannun mai son a yi kora da yawa, ko mai son a rage, da wuya ya yi hukunci da zuciya ɗaya. Masu adawa suna cewa shige da fice harkar siyasar waje ce da tsaro, dole ta tsaya a hannun wanda jama'a suka zaɓa.

Ta biyu ita ce lauya kyauta, aƙalla ga yara da waɗanda ke tsare. Binciken Eagly da Shafer na 2015, wanda ya duba shari'u sama da miliyan ɗaya, ya gano kashi 37 cikin 100 ne ke da lauya, a cikin tsararru kuma kashi 14. Birnin Niyok ya fara biyan lauyoyin tsararru a 2013. A ganinmu wannan ce ta fi saurin amfani, domin lauya yana rage ɗage zama, yana gaya wa marar hujja gaskiya tun da wuri, yana kuma sa mutane su halarci kotu.

Sauran shawarwarin sun haɗa da ƙara alƙalai tare da magatakarda da tafintoci, domin alƙali ba mataimaka ba ya gaba, da barin jami'an mafaka su fara yanke shari'ar bakin iyaka kamar yadda aka gwada daga 2022, da jingine shari'un da ba na gaggawa ba. Ki kuma yi hattara da gyaran da sauri kawai yake nema. A 2002 Antoni Janar John Ashcroft ya ba da umarnin rage mambobin BIA daga 23 zuwa 11, ya faɗaɗa damar mamba ɗaya ya tabbatar da hukunci ba tare da rubuta dalili ba. Tulin shari'un bai ɓace ba, kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya ya koma.

Kada kundinki ya nuna cin gashin kai zai kawar da cunkoso. Kanada tana da hukuma mai zaman kanta tun 1989, Birtaniya tana da kotunta ta musamman da alƙalai na gaske, kuma duka biyun suna fama da jira. Yawan shari'a daga dokar kanta yake fitowa. Akwai tanadin da ke ba daɗaɗɗen mazauni girin kad ba tare da dogon shari'a ba, amma sai wanda ya shiga kafin 1 ga Janairun 1972, kuma tun 1986 majalisa ba ta matsar da ranar ba. Babi ɗaya a kan wannan tanadi, da wani da zai kwatanta ikon Antoni Janar na Amurka da na Ministan Cikin Gida a dokarmu ta 2015, zai fi amfanar malaman da za su duba kundin fiye da jera shawarwari goma.